Tumtum biyu na jika 70, kuɗin jirgi jika 522: daga ina lissafin ya fito?

Tambayar ta wani matashin baduku ce a unguwar Birni, nan Damagaram. Ya ce: "Ina saka hotunan aikina a Instagram da Facebook. Wata mata a Liyon ta ƙasar Faransa ta ga tumtum ɗina na jar fata, ta ce biyu take so, muka daidaita a kan jika 35 kowanne. Ta kuma tambayi turmi da taɓarya. Na cusa tumtum ɗin da audugar rimi, na sa kowanne a kwali mai santimita 60 a 60 a 40, na ɗora a mota zuwa Yamai. Ɗan'uwana ya kai ofishin masu kai saƙon gaggawa, aka ce masa jika 522. Kayan da duka-duka kilo tara ne a sikeli! Cutata ake son yi, ko haka abin yake? In haka yake, yaya mai babban kaya zai yi ciniki da ƙasar waje?"

Ƙanena, sannu da himma, Allah ya sa wa hannu albarka. Ba cutarka aka yi ba. Na shafe shekaru ina aikin fitar da kaya tsakanin siton filin jirgin Diori Hamani na Yamai da tashoshin ruwan Kwatano da Lome kafin in dawo gida, kuma irin tsayuwar da ɗan'uwanka ya yi a gaban kanta, baki buɗe, na sha ganinta. Kai kilo tara ka kai musu na fata da auduga. Su kuwa kilo 58 suka gani, domin abin da suke sayarwa wuri ne a cikin jirgi. Kaya masu fanko sukan cika cikin jirgin sama tun bai kai nauyin da zai iya ɗauka ba. Ko ɗan kamasho a tasha ya san wannan: katifar soso yaro ma zai ɗaga ta da hannu ɗaya, amma wurin buhu uku take cinyewa a bayan mota, kuma kuɗin wurin nan za ka biya.

Ga yadda suke lissafin. A auna tsawon kwali da faɗinsa da tsayinsa da santimita, a ninka su da juna, a raba da 5,000. Abin da ya fito shi ake kira nauyin girma. Sai a dubi na sikeli a dubi na girma, wanda ya fi yawa shi za a caje ka. Haka DHL da FedEx da UPS ke yi a kayan ƙetare. Kwalinka 60 sau 60 sau 40 ya ba da 144,000, ka raba da 5,000 ka sami kilo 28.8. Kwali biyu sun tashi kilo 58 in an cika. Ka raba jika 522 da 58, za ka ga jika tara aka yi maka kowane kilo. Ba wanda ya ƙara maka ko dala ɗaya.

Wannan 5,000 ɗin ba ita kaɗai ce ma'auni ba. In ka bi ta kargo, wato ka ba kamfanin jirgi kayan ta hannun ɗan taransit, dillalin da ke yi wa kaya takardun fita da shiga, da 6,000 ake rabawa bisa ƙa'idar IATA, ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, sai kwalinka ɗaya ya tashi kilo 24. Ka ɗauki akwati mai mita ɗaya ta kowane gefe, abin da muke kira mita kub: a wurin masu gaggawa kilo 200 ne, a kargo 167, a jirgin ruwa kuwa sai abin da ke ciki ya wuce kilo 1,000 kafin a waiwayi sikeli. Kayanmu na hannu kusan babu mai wannan nauyin. Tumtum, kwando, faifai, lefe, malafa, ƙwarya, duk girmansu muke biya. Shi ya sa maganin matsalarka ba a kantar Yamai yake ba, yana nan a rumfarka, tun wurin yanka fata. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ka farke bakin tumtum ɗin nan a zazzage audugar. Na san zai yi maka ciwo, domin cushe ma gwaninta ce, kuma tumtum ba ya nuna kyansa sai ya tashi ya yi ƙiba, ɗinkin ya miƙe. Amma ka duba lissafin. Fatar tumtum mai wannan girman, fanko, a ce kilo ɗaya da rabi. Ka ninke biyun ka sa a kwali mai 40 a 30 a 15, nauyin girmansa kilo 3.6, na sikeli kuma wajen uku da rabi, a caje ka kilo huɗu. Ƙaramin ƙunshi kuɗin kilonsa ya fi na babba tsada, to a ce ma ya ninka ya zama jika 18: jika 72 ke nan a maimakon 522. Jika 450 da ka kusa biya, kuɗin kai audugar rimi da iska Faransa ne. Dukawan Maroko da suka cika kasuwar intanet da nasu tumtum, yawancinsu a ninke suke aikawa, mai saye ya cusa da kansa. Ka sa zif mai ƙwari a ƙasa, ka ɗauki ɗan bidiyo na minti ɗaya kana nuna yadda ake fara cika gefe-gefe kafin tsakiya, da tsofaffin tufafi ko tawul ko bargo. Turawa da yawa suna ma son haka, don sun sami inda za su kai tsummokaransu. Akwai kuma wani dalili: audugar rimi takan zo da 'ya'yanta a ciki, iri kuwa abu ne da masu binciken tsirrai a ƙasashe irin su Ostareliya da Amurka ba sa wasa da shi.

Kakanninmu ma haka suka yi. A zamanin Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, ayarin da ke tashi daga unguwar Zango ta nan Damagaram ya bi ta Agadas da Gat zuwa Tarabulus, cikin abin da yake ɗauka akwai gashin jimina da jemammun fatu. Fatun a shimfiɗe suke, an jera su an ɗaure tamau. Madugu bai taɓa ɗora wa raƙuminsa iska ba.

Bayan abin da ke ciki, sai kwalin kansa. Mutanenmu sukan je kasuwar Dole su sayi kowane kwali suka samu, na taliya ko na sabulu, in ya yi yawa a cike gurbin da jarida. Kowace santimita kuɗi ce. Da tumtum ɗinka a cushe yake dole, kwali mai 55 a 55 a 36 kilo 22 zai ba ka maimakon 29. A farashin da aka yi maka, jika 63 ke nan a kwali ɗaya, saboda santimita biyar nan, biyar can, huɗu a sama. Ka koyi yanke kwali da reza ka rage masa tsayi daidai kayanka. Kuma ka sani mai awo inda ya fi kumburi yake aunawa. Wata rana a Yamai na karɓi kwalaye goma sha biyu na wata ƙungiyar mata, na auna su da hannuna, 50 a 40 a 40, na yi lissafin kilo 160 a kargo, na faɗa wa mai kayan. Da daddare aka tuna da wasu 'yan jakunkuna da aka manta, yara suka buɗe kwalayen suka danna su ciki, suka hau kai suka zauna, suka naɗe da salatef. Da safe kowane kwali ya yi ciki kamar tulu. Mai awo ya ɗora sandarsa a kan cikin: 53, 44, 43. Lissafi ya koma kilo 201. Jakunkunan nan ba su kai kilo goma ba, amma arba'in suka ƙara mana, kuma babu abin da zan ce masa, don gaskiyarsa ce.

Masu saƙar kwando da lefe su suka fi kowa cin ribar wannan ilimi, in an gaya musu tun kafin su fara saƙa. Kwando ɗaya mai 40 a 40 a 30 bai kai kilo ɗaya ba a sikeli, amma kilo 9.6 ne a girma. In an saƙa shi gindi ya fi baki ƙanƙanta, yadda wani zai shige cikin wani, kowanne santimita uku kawai yake ƙarawa a sama. Goma sai su tashi 40 a 40 a 57, kilo 18 da 'yan kai. Kwando goma ke nan a kuɗin da bai kai na biyu ba. Amma in mai saƙa ta yi masa baki mai lanƙwasa ciki, ko marikin da ya tsaya ƙyam, an rasa wannan duka. Haka ƙore da akusa: a yi su jere, babba da mabi da ƙarami. Kujera ko teburi mai ƙafa, a yi ƙafafun masu cirewa. Ni a ganina, duk mai son sayarwa waje ya kamata ya ajiye igiyar awo ta tela kusa da kayan aikinsa, kuma kada ya saka hoton sabon abu a intanet sai ya san girman kwalin da zai ɗauke shi.

Turmi kuwa labarinsa daban. Shi ba ya ninkuwa, nauyinsa na gaske ne, kuma na sikeli da na girma sukan zo kusa da juna. Taɓarya ce ma ta fi shi matsala, domin kamfanonin gaggawa suna ɗora wani kuɗi na musamman a kan duk abin da tsawonsa ya haura iyakarsu, wadda ke tsakanin mita ɗaya da mita ɗaya da santimita 20, ko da sanda ce. Tabarmar kaba da aka naɗe ita ma nan take faɗawa. Sannan in ka sa kafinta ya haɗa maka akwatin katako don kare shi, ka shiga wata doka da ake kira NIMP 15: duk katakon ƙunshe kaya da kaurinsa ya wuce milimita shida, sai an gasa shi har cikinsa ya kai digiri 56 na tsawon minti 30, ko an yi masa hayaƙin magani, an buga masa hatimi. Saboda ƙwarin da ke cin itace aka yi ta. Akwati marar hatimi ana iya tsare shi a can, a mayar da shi ko a ƙone, kuɗin ajiya na hawa kullum. Filawud ba ya cikin wannan doka, don haka da shi za a yi maka akwati. Shi kansa turmin ya zama busasshe, babu ɓawo, babu hudar ƙwaro.

Yanzu hanyoyin. Kafin ka je ko'ina ka fara da gidan waya. A ƙa'idar ƙungiyar gidajen waya ta duniya akwai ƙaramin ƙunshi wanda bai wuce kilo biyu ba, tsawo da faɗi da tsayi in an haɗa kada su haura santimita 90, mafi tsawon gefe kada ya wuce 60. Tumtum ɗaya fanko, a ninke 40 a 30 a 8, ya tashi 78, ya shige ke nan. Babban ƙunshi kuma yakan kai kilo 20 ko 30 gwargwadon ƙasar da za shi. Ƙasashe da yawa suna karɓar tsawon mita ɗaya da rabi, tsawo da kewaye a haɗe mita uku, wasu kuma mita 1.05 da mita biyu ne iyakarsu. Amfanin gidan waya ga mai kaya irin naka shi ne gidajen waya da dama da sikeli suke lissafin ƙunshi na yau da kullum. Ka je Niger Poste da awonka a rubuce, ka tambayi farashi da iyakar ƙasar da kake nufi, ka kuma nemi wanda ke da lambar bin sawu. Za ka cike takardar duwan, CN22 ga ƙaramin kaya, CN23 ga mai daraja. Ya fi jinkiri, wannan kam ka gaya wa mai saye tun farko.

Masu gaggawa aikinsu ƙofa zuwa ƙofa ne cikin kwanaki, kuma ga ƙunshi mai kilo biyu zuwa goma mai tsada, sun cancanci kuɗinsu. Sai dai farashin da ke kan takarda ba shi ne na ƙarshe ba: akwai ƙarin kuɗin mai wanda ke sauyawa a kai a kai, akwai na kai kaya ƙauye mai nisa. Ka ce a ba ka jimla a rubuce, da ranar da farashin zai daina aiki.

Kargo sai kaya sun taru. Farashinsa hawa-hawa ne: ƙasa da kilo 45 kilo na da tsada, daga 45 ya sauka, ya ƙara sauka a 100, a 300, a 500, a 1,000. Har ta kan kai mai kilo 40 ya ce a rubuta masa 45 don ya fi masa sauƙi, kuma halal ne, ƙa'idar ta yarda. Amma akwai kuɗaɗen da ba sa duban yawan kaya: takardar jirgi da muke kira LTA, binciken tsaro, ɗauka da saukewa, ladan ɗan taransit. Kuma filin jirgi zuwa filin jirgi ne, sai mai karɓa ya nemi wanda zai fitar masa a can. Ba abin da za ka ɗora wa matar da ke son tumtum biyu a falonta ba ne. Na mai shago ne da ya yi odar hamsin. Tun da Air France ta daina zuwa Yamai a watan Agustan 2023, kaya masu zuwa Turai sukan zaga ta Kasabalanka ko Istambul ko Adis Ababa.

Akwai kuma ba matafiyi, wanda kowa ke yi. Jaka ɗaya kilo 23, tsawo da faɗi da tsayi a haɗe santimita 158. In mutum amintacce ne kuma kayan kaɗan ne, yana aiki. Amma sassaucin euro 430 da Turai ke yi wa matafiyin jirgi na kayan kansa ne da tsaraba, ba na kayan sayarwa ba, kuma in jaka ta ɓata ba ka da takardar da za ka nuna wa kowa. Ba a gina kasuwanci a kan ranar tafiyar wani.

Jirgin ruwa shi ne gidan manyan kaya, sai dai mu ba mu da teku. Daga nan zuwa Yamai kusan kilomita 900 ne, daga Yamai zuwa Kwatano fiye da 1,000, Lome ta fi haka nisa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 an rufe iyakar Nijar da Benin a Gaya da Malanbil, kuma ko da CEDEAO ta ɗage takunkumi a Fabrairun 2024 gadar da ke tsakaninsu ba ta buɗe ba, kaya suka koma hanyar Lome ta Burkina Faso. Sau da yawa kuɗin mota zuwa bakin teku ya fi na tekun kansa. Kwantena mai ƙafa 20 tana da wajen mita kub 33, mai ƙafa 40 wajen 67, ko da yake ba a cika su taf. Wanda bai da kayan cika kwantena sai ya shiga haɗaka, a sayar masa da mita kub, kuma mafi ƙarancin abin da ake caji ɗaya ce. A mita kub ɗaya tumtum cusasshe bakwai ma ba za su shiga ba. Fanko kuwa ya haura ɗari. Tarkon haɗaka yana can tashar sauka: kuɗin buɗe kwantena, na sito, na takardu, waɗanda ake karɓa daga mai karɓar kaya kuma sukan zarce kuɗin jirgin. Kada ka yarda da farashin da bai faɗi waɗannan ba. Nan ne nake ganin dukawan Birni da mata masu saƙa da masassaƙa ya kamata su haɗa kai, su tara kaya sau biyu ko uku a shekara, da mutum ɗaya a Faransa ko Beljiyam da zai karɓa ya rarraba ta gidan wayar can. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kuɗin aika ƙunshi daga Liyon zuwa Paris bai kama ƙafar na aika shi daga Damagaram ba.

In za ka bi ruwa da fata, ka ji tsoron raɓa. Fatarmu a busasshiyar iska aka jeme ta, sai ta je ta kwana a Lome cikin danshin teku, kwantena ta yi zafi da rana ta yi sanyi da dare, ruwa ya taru a rufinta yana ɗiga. Na taɓa ganin hoton kayan da aka buɗe bayan wata biyu: jar fata ta yi furfura da fumfuna, wari ya kama kwalin duka. A shanya kaya su bushe ƙarau, kada a ɗaure su a leda da damina, a sa takarda tsakani, a zuba ƙullin maganin tsotse danshi da yawa. Kada kuma wani ya ba ka hodar hana fumfuna da ba ka san sunanta ba. Akwai wadda ake kira DMF da Tarayyar Turai ta haramta tun 2009 saboda tana ƙona fatar mutum.

Za ka ce Kano fa, ga ta nan kilomita 240 ko kusa da haka, ta Matamaye da Daura ko ta Magarya, ga filin jirgin Malam Aminu Kano. Gaskiya ne, kuma mutane na bi. Amma ka tsallaka iyaka ke nan, da duwan biyu, da canjin naira. Abu mafi muhimmanci, kada takardu su nuna kayan na Najeriya ne. Nijar tana cikin ƙasashen da Tarayyar Turai ta yafe wa harajin duwan a kan komai ban da makamai, tsarin da aka fara a 2001, Najeriya kuwa ba ta cikinsa. In darajar kayanka ba ta wuce euro 6,000 ba, bayanin asalin kaya da za ka rubuta a kan takardar ciniki ya isa. In ta wuce sai ka yi rajista a tsarin da ake kira REX. Ɗan taransit ko ofishin Chambre de Commerce zai nuna maka lafazin.

Yafe harajin duwan ba yafe TVA ba ne, wato harajin da ake ɗorawa a kan abin da aka saya, kuma nan ne cinikin intanet ya fi lalacewa. Tun 1 ga Yulin 2021 duk kayan sayarwa da ya shiga Tarayyar Turai, komai ƙanƙantarsa, yana biyan TVA. A Faransa kashi 20 cikin ɗari ne, a Jamus 19, kuma a kan kuɗin kaya haɗe da kuɗin jirgi ake lissafa shi. Euro ɗaya sefa 655.957 ne, ba ya motsi, don haka lissafin da sauƙi. Kayanka jika 70, jirgi jika 72, jimla wajen euro 216, TVA euro 43, ga ladan fito da kamfanin zai ɗora. Da ka aika su a cushe, TVA kaɗai zai kai euro 180, fiye da kuɗin tumtum ɗin biyu. Matar da ba a gaya wa ba, in mai kai kaya ya tsaya a ƙofarta yana neman kuɗi, tana iya cewa ba ta so. Daga nan ko a dawo maka da kayan a kan kuɗinka, ko a lalata su, kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba. Don haka ka fayyace tun a saƙon farko wa zai biya. A harshen fatake na duniya, DAP na nufin ka kai har ƙofa amma haraji nata ne, DDP kuma ka ɗauke mata duka. Ga mai farawa DAP ya fi, muddin ka rubuta mata kimanin abin da za ta biya.

Amurka ta fi haka tsauri yanzu. Da, kayan da bai wuce dalar Amurka 800 ba haka yake shiga ba haraji, amma an dakatar da wannan ga duk ƙasashe daga 29 ga Agustan 2025, har gidajen waya da dama a duniya suka tsayar da karɓar ƙunshin Amurka na wani lokaci. An kuma cire Nijar daga tsarin AGOA, wanda ke yafe wa kayan wasu ƙasashen Afirka harajin shiga Amurka, tun 1 ga Janairun 2024. In mai saye daga can ne, kada ka faɗi farashi sai ka tambayi mai ɗaukar kaya a makon nan.

Takardar ciniki ka rubuta ta dalla-dalla. "Kayan hannu" ko "kyauta" ba bayani ba ne, shi ke sa a buɗe kwali. Ka rubuta: rigar tumtum ta jemammiyar fatar akuya, sabuwa, guda biyu, kuɗin kowanne kaza, an yi a Nijar. Kayan fata suna babi na 42 a kundin lambobin duwan, cusasshen tumtum 9404, kwanduna 4602, ganguna 9206. Kalmar jemammiya tana da nauyi, domin ɗanyen ƙirgi dokar lafiyar dabbobi ce ke kansa; an sami masu haɗa ganguna da suka kamu da cutar saifa ta dabbobi daga ɗanyun fatu a Niyok a 2006 da Landan a 2008, shi ya sa kalangu da ganga sukan sha tambaya. Jimar bagaruwa kuwa abin faɗa ce da alfahari, don babu sinadarin kurom a cikinta, wanda Turai ta sa wa iyaka a kayan fata. Fatar mesa da guza da damo da kada, ko ɗan ƙyalle ne a bakin jaka, suna ƙarƙashin yarjejeniyar CITES ta 1973 mai taƙaita cinikin namun daji, sai da izini. Jiminar Nijar tana sahun da aka fi tsananta wa. Shawarata ka bar su kwata-kwata. Kuma kada ka rage daraja a takarda don a rage wa mai saye haraji. In kaya ya ɓata, abin da ka rubuta shi za a duba. Ko ba haka ba diyyar tana da iyaka: a jirgin sama, yarjejeniyar Montiriyal ta tsayar da ita a DTS 26 kowane kilo (DTS ma'aunin kuɗi ne na Asusun Lamuni na Duniya) tun ƙarshen Disamban 2024, wajen euro 30 ke nan, a kan nauyin sikeli. Ga fata ya kusa isa, ga kayan azurfa ko aikin da ya ci wata guda bai isa ba, sai ka biya inshora.

A shafinka kuma, ka daina saka farashi ɗaya tsirara. Ka zaɓi kaya uku ko huɗu da ka fi sayarwa, ka yanka wa kowanne kwalinsa, ka auna, ka karɓo farashin Turai da na Amurka da na Afirka ta Yamma a rubuce, ka haɗa da kuɗin mota zuwa Yamai da na kwali da ladan wanda zai kai maka ofis. Ka nuna wa mai saye cewa na biyu da na uku a kwali ɗaya kuɗin jirginsu kaɗan ne, sai ka ga mai son ɗaya ya kira ƙawarsa sun haɗa huɗu. Kuɗin jirgi kuma ya shigo hannunka kafin kaya su bar Damagaram.

Game da wannan cinikin da ke hannu: ka kira ɗan'uwanka yau ya warware ɗinkin ƙasan a hankali, ya zazzage audugar a buhu ya dawo maka da ita, ya kai fatun wurin baduku a can a sa musu zif. Ya ninke su fuska a ciki da takarda tsakani, ya auna, ya tambayi gidan waya da ofishin da ya fara zuwa. Ita kuma matar ka rubuta mata gaskiya: cewa a cushe kuɗin jirgi ya kusa euro 800, a ninke kuwa ga abin da ya zama, ga kimanin TVA, ga bidiyon cushe. Turmin ka ce ta dakata har ku tara kayan ruwa, ko a sassaƙa mata ƙarami na dakan yaji, mai taɓaryar da ba ta wuce kamu biyu ba.